Sandunan kaya a saman motar lantarki: na ƙarfe ko na alminiyom?

Masu walda a Maraɗi suna haɗa sandunan ƙarfe masu kusurwa huɗu cikin yini guda, da araha, kuma suna jure buhunan albasa. Amma fa suna da nauyi, suna tare iska. A motar lantarki wannan ba ƙaramin abu ba ne: daga kilomita 80 a awa zuwa sama za ka ji suna fito, caji kuma na saurin zubewa a hanyar Damagaram.

Na alminiyom masu siffar fiffike sun fi tsada, amma iska na zamewa a kansu. Gefe mai kauri shi ke kallon gaba. In aka juya shi, ƙara ta dawo.

Wajen ɗaurawa ake ɓarna. A goge ƙurar hunturu kafin a aza robar ƙafafun, in ba haka ba yashi ya ci fenti. Noti a ɗaure hagu da dama bi da bi, kada a matse fiye da kima, musamman in rufin gilashi ne, yana iya tsagewa. Rufin motar lantarki ta Tesla Model 3, misali, kayan kilo 68 yake ɗauka.

Mai doguwar tafiya, alminiyom ya fi masa. In ba kaya, a kwance su.