Tsohon farantin injin wasa: wanne ya cancanci kuɗinka a Maradi?

Faranti shi ne allon lantarkin da ke cikin injin wasan bidiyo da ake jefa wa kuɗi. Kafin ka tambayi sunan wasa, duba bakin farantin, wato gefen da ake jona shi da injin. Tun 1985 kamfanonin Japan suka daidaita a kan baki ɗaya da ake kira JAMMA, mai haƙora 56, kowane gefe 28, kuma ta nan wuta da hoto da sauti da maɓallai ke bi. Farantan da suka girmi wannan tsari, irin su Pac-Man na 1980, kowa da nasa bakin, sai ka nemo masa mahaɗi na musamman. Mai farawa ya bar su tukuna.

Ni dai Neo Geo MVS nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Kamfanin SNK ya fitar da shi a 1990 da dabara mai sauƙi: uwar faranti daban, kaset ɗin wasa daban. Ka sayi uwa ɗaya, sai ka riƙa tara kaset a hankali gwargwadon aljihu: Samurai Shodown na 1993, jerin King of Fighters da ya soma a 1994, Metal Slug na 1996. In uwa ta lalace kasetocinka na nan, in kaset ɗaya ya ƙi, sauran na aiki. Akwai uwa mai ramin saka kaset 1, 2, 4 da 6. Ɗauki mai rami ɗaya. Mafi yawansu suna hawa bakin JAMMA kai tsaye, sannan kowane ƙarin rami ƙarin wurin da ƙurar hunturu za ta kwanta ne, kuma wanda ya san Maradi a watan Janairu ya san abin da nake nufi. Cutar MVS guda ce sananna: ƙaramin batir ɗin da ke riƙe agogo da lissafin kuɗin da aka jefa yakan tsiyaye in ya tsufa, ya ci hanyoyin tagullar da ke kusa da shi. In ka ga kore-kore ko farin gari a wurin, ka rage kuɗi sosai ko ka wuce. In wurin tsaf yake, mai gyaran rediyo zai cire maka batir ɗin nan take.

Farantin CPS-1 na kamfanin Capcom, na 1988, shi ke ɗauke da Final Fight da Street Fighter II na 1991. Wasa ɗaya ne a faranti hawa-hawa, kuma in ƙwaƙwalwarsa ta musamman, wato ƴar na'urar da ke manne a jikin farantin, ta ƙone, sai dai a ciro daga wani mataccen. Maɓallan shuri na Street Fighter II ma sai an ja musu waya daban, don JAMMA uku kawai ya tanadar wa kowane ɗan wasa. CPS-2 na 1993 yana da kyau cikin akwatinsa na roba, kore na Japan, shuɗi na Amurka da Turai, amma mabuɗin sirrin wasan a kan batir yake rataye. Batir ya mutu, wasa ya mutu. An gano hanyar farfaɗo da shi a 2016, sai dai wa zai yi maka a nan? CPS-3 wasa shida kacal gare shi. Pandora's Box mai ɗaruruwan wasanni kuwa sabon kaya ne na kwaikwayo, ya yi wa mai shagon yara, ba mai tara kayan da ba.

Yanzu maganar jabu, wadda ta fi duk wannan muhimmanci. Wani mai saidawa ya taɓa aiko mini da kaset mai takarda fes kamar yau aka buga, ya rantse na asali ne. Da aka kwance, ƙwaƙwalwan zamani ne da wayoyi an yi musu ɗinki. Tun daga nan sharaɗina ɗaya: a buɗe. Kaset ɗin MVS na gaske faranti biyu ne a ciki, ɗaya an rubuta PROG, ɗaya CHA, da sunan SNK a jiki. Ƙwaƙwalwansa baƙaƙe ne marasa taga, an buga musu lambar wasan tun daga masana'anta: Metal Slug 201, King of Fighters '98 kuma 242. In lambar ciki ba ta dace da sunan da ke waje ba, an sake wa wani wasa riga. In ka ga yawancinsu masu tagar gilashi ne an liƙa takarda, ko ɗigon baƙin ƙaro a maimakon ƙwaƙwalwa, jabu ne. Amma kada ka kai wannan awon kan Capcom, don farantansu na asali suna amfani da masu tagar, da takardar kamfani a kai. Can abin dubawa shi ne sunan Capcom a jikin manyan ƙwaƙwalwan, domin Street Fighter II an yi jabunsa ba iyaka, har da wanda ake ce wa Rainbow, inda ƴan dambe ke jefa wuta a sama. Kuma kaset ɗin Neo Geo na gida, AES, ba ya shiga ramin MVS, ko mai kaya ya ce duk ɗaya ne.

Ko daga Kano kayan za su biyo ta Jibiya, ko wani ɗan'uwa ne zai riƙo daga waje, kada ka tura ko jika ɗaya a kan hoto. Ka ce a yi bidiyo yana aiki da sauti, a juyo bayansa, a nuna wurin batir. In ya iso, kafin ka jona, auna wutar: bolt 5 farantin ke ci, in ta haura sosai ƙwaƙwalwa ce ke tafiya. In an haɗo maka da akwatin wuta na Japan, karanta jikinsa, nasu 100 ne, kuran ɗinmu 220.