Masu datse rassan da suka hana ni sare majen gidanmu

A gidan mahaifinmu da ke Malali a Kaduna akwai wani tsohon itacen maje wanda ya girmi gidan kansa. Tun muna yara muke ɓamɓaro ƙaronsa mu kai wa kakarmu, ta zuba a kaskon wuta ta turara ɗaki. Bara, iskar farkon damina ta karya masa reshe ya rufta kan katangar maƙwabci, aka yi ta ba ni shawarar in sare shi kowa ya huta. Da wannan niyya na kira wasu masu datse bishiya su huɗu, waɗanda wani abokin aikina ya haɗa ni da su.

Babbansu bai taɓa injin yanka ba sai da ya zagaya bishiyar, ya ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar gatari yana sauraron ko akwai kogo, ya kuma tona gindinta ya duba ko gara ta shiga saiwa. Sannan ya ce, "Alhaji, lafiyarta ƙalau, rassa uku ne suka bushe, su kaɗai za mu cire." Da ya sare ta gaba ɗaya, da ya fi samun kuɗi, ga kuma icen da zai sayar wa masu gawayi, shi ya sa na ɗauki maganarsa da muhimmanci.

Aikin ya tafi cikin natsuwa. Kowane reshe sai an ɗaure shi da igiya, an fara tsaga shi ta ƙasa don kada ya yage ɓawo, kafin a sauke shi a hankali, ko kwano ɗaya bai lotsa ba. Na jinjina wa wannan kulawa, domin maje ɗan ƙasa ne, ya saba da raninmu da gobarar daji, amma sai ya shekara da shekaru kafin ya yi inuwar kirki. Bishiyar turare da aka kawo daga Ostareliya tana saurin tashi, sai dai inuwarta shara-shara ce, ba ta kai rabin tasa ba. Duk wanda ya ratsa ƙarƙashin tsofaffin maɗatan tsohuwar GRA a watan Maris, sannan ya shiga sababbin unguwannin da aka share ƙarƙaf kafin a aza tubali, jikinsa zai gaya masa bambancin.

Suna da nasu aibin. Mun yi da su ƙarfe 8 na safe, ba su iso ba sai bayan azahar, kuma sun bar tarin ganye a bakin kwata har kwana 2 sai da na yi ta kiran waya. Wanda zai ɗauke su ya sa kwashe shara cikin ciniki tun farko, ya kuma kira su da rani kafin iskar Afrilu ta taso. Majen namu kuwa ya kaɗe ganye da hunturu kamar yadda ya saba, ya fito da sabon toho jajaye, bakin yankan ma ya fara rufewa.