Sauya harshen Visual Studio Code: inda ta yi ƙoƙari da inda ta gaza

Visual Studio Code, manhajar rubuta kod da Microsoft ta fitar a 2015 kuma take bayarwa kyauta, da Ingilishi take zuwa. A Kebbi wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin jihar ta yi iyaka da Nijar da Benin, kuma ɗalibin da ya taso ta Gaya ko Dosso a Nijar ya shigo ta Kamba ya zo koyon kwamfuta a Birnin Kebbi, bokonsa da Faransanci ya yi shi. Akwai kuma akasin haka: kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai, wasu da Windows na Faransanci ko Jamusanci a kansu. Manhajar tana duba harshen Windows, ta fito da ɗan saƙo a ƙasan allo tana tayin saka kunshin wannan harshen, wato fayil ɗin da ke ɗauke da fassarar manhajar, mai kwamfuta ya danna bai karanta ba, daga nan komai ya koma yaren da bai sani ba. Kashi biyun nan duk hanya ɗaya za su bi.

Hanyar gajera ce. A danna Ctrl da Shift da P tare, ko F1 kaɗai, akwatin umarni zai buɗe a saman allo. A rubuta Configure Display Language a danna Enter. Jerin harsuna zai fito, waɗanda aka riga aka saka a sama, waɗanda za a iya saukewa a ƙasa. Da an zaɓi français, manhajar za ta sauke kunshin da kanta, ta nemi izinin rufewa da sake buɗewa. Idan ta dawo, File ya zama Fichier, View ya zama Affichage, Help ya zama Aide. Aikin da ba a adana ba ba ya ɓacewa wajen wannan rufewar, domin manhajar tana riƙe shi, amma a garin da wuta ke ɗaukewa babu sanarwa, danna Ctrl da S kafin a fara ya fi kwanciyar hankali.

A nan Microsoft ta yi abin a yaba. Ko da manhajar ta koma Jamusanci ko Sinanci, akwatin umarni yana ci gaba da gane sunayen Ingilishi, yana ma nuna su a ƙarƙashin fassarar. Don haka wanda ya tsinci kansa cikin harshen da ba ya iya karantawa ba sai ya kai kwamfutar wurin mai gyara ba, balle ya cire manhajar ya ƙona data wajen sake saukewa. Ya danna F1, ya rubuta display, ya buɗe Configure Display Language, ya zaɓi English. Akwai kuma umarnin Clear Display Language Preference da ke share zaɓin gaba ɗaya.

Zaɓin da aka yi ba ya zama a settings.json inda sauran saituna suke, kuma wannan ne ke ɓatar da mutane da yawa. Yana cikin wani ƙaramin fayil mai suna argv.json, a folda .vscode da ke cikin foldar mai amfani da Windows. Umarnin Configure Runtime Arguments ne ke buɗe shi. A ciki za a ga layi kamar "locale": "fr". Mai gyarawa da hannu ya kula da waƙafi: kowane layin saiti yana ƙarewa da waƙafi sai na ƙarshe, kuma idan aka manta guda ɗaya tsakanin layi biyu, fayil ɗin ya lalace, zaɓin ba zai yi aiki ba. Lambar harshen ma sai an rubuta ta daidai: fr Faransanci, de Jamusanci, tr Turkanci, zh-cn Sinanci mai sauƙaƙƙen rubutu, pt-br Fotugis na Burazil. Rubuta lambar ba ya sauke kunshin. Idan ba a saka shi ba, manhajar za ta buɗe da Ingilishi kawai. Tsofaffin bidiyoyin koyarwa suna ambatar locale.json, wanda aka daina amfani da shi, duk wanda ya bi su zai yi ta neman fayil ɗin da babu shi. Haka kuma umarnin Reload Window bai isa ba, sai an rufe manhajar gaba ɗaya, domin tun wajen tashi ake karanta argv.json.

Ga cibiyoyin koyarwa inda mutum goma ke amfani da kwamfuta ɗaya a kan asusun Windows ɗaya, wannan tsari yana da illa: ɗalibi ɗaya ya sauya harshe, duk wanda ya zauna bayansa haka zai tarar. Mafita ita ce a bar argv.json a kan Ingilishi, a saka kunshin Faransanci, sannan mai so ya buɗe manhajar daga layin umarni da code --locale=fr, wanda zama ɗaya kawai yake shafa. Sharaɗinsa kada a bar wata taga ta manhajar a buɗe, in ba haka ba sabuwar za ta bi harshen tsohuwar. Malami zai iya yin gajeriyar hanya biyu a kan allo, ɗaya da ƙarin --locale=fr a ƙarshen layin Target da ke cikin Properties ɗinta, ɗaya babu.

Inda sabis ba ya da ƙarfi, a sauke kunshin sau ɗaya a matsayin fayil mai ƙarewa da .vsix, a zuba a filash, a riƙa sakawa da umarnin Install from VSIX. Sunan na Faransanci MS-CEINTL.vscode-language-pack-fr, kuma a tabbata Microsoft ce ta wallafa shi. Abin lura shi ne lambar kunshin tana tafiya da lambar manhajar. Sabon kunshi ba zai shiga tsohuwar manhaja ba, zai ce ba su dace ba. Wannan ya fi shafar masu Windows 7, waɗanda manhajar ta tsaya musu a 1.70 tun 2022, don haka dole su nemi kunshin wannan zamanin. Tsohon kunshi kuwa zai yi aiki a sabuwar manhaja, amma duk abin da aka ƙara bayan fitowarsa da Ingilishi zai fito, allo ya zama rabi da rabi.

To me ake samu bayan an sauya? Buhu aka sauya, shinkafar ciki tana nan. Kalmomin Python da JavaScript ba sa motsi: if tana nan, for tana nan, print tana nan. Abin da Python ke rubutawa a tamina, wato tagar umarni, idan shiri ya faɗi, da Ingilishi yake fitowa. Ekstenshin, wato ƙarin kayan aiki da ake ɗora wa manhajar, na wasu kamfanoni ba sa sauyawa, sai waɗanda masu su suka fassara. Menu da saituna da ekstenshin da suka zo tare da manhajar ne ke sauyawa, kuma fassarar Faransancin tana da tsabta, mai karatun farko zai gane abin da yake dannawa.

Matsalar da muka fi ɗauka da muhimmanci tana wajen saƙonnin kuskure da ke fitowa a cikin editan. Na TypeScript da JavaScript suna bin harshen manhajar, haka ma na Pylance, ekstenshin da masu Python ke amfani da ita. Wato ɗalibi zai ga kuskurensa da Faransanci, ya kwafa ya nema a Google, ya samu amsoshi kaɗan ko ya rasa, alhali da Ingilishi ne da an daɗe da amsa tambayar a Stack Overflow, dandalin tambayoyi na masu rubuta kod. Ya nuna wa malaminsa ɗan Argungu ko Yauri, malamin ma ya tsaya yana kallo. Shawararmu a nan ba ta da kwana: a bar menu da Faransanci, a mayar da saƙonnin kuskure Ingilishi. A buɗe saituna da Ctrl da waƙafi, a nemi typescript.locale a sa en. Masu Pylance su kunna python.analysis.displayEnglishDiagnostics. Ya kamata a ce manhajar tana tambayar wannan tun lokacin sauya harshe, ba ta yi.

Kada kuma a haɗa harshen manhajar da sunan da ke ƙasan allo ta dama, inda ake ganin Plain Text ko HTML. Wancan yaren kod ɗin fayil ne, ana sauya shi da Ctrl da K sannan M, kuma babu ruwansa da menu.

Sai babban giɓi. Harsunan da Microsoft ke kula da su ba su kai 20 ba, yawancinsu na Turai ne, sai Sinanci da Japananci da Koriyanci. Babu Hausa. Babu Larabci ma, wanda ɗaliban Islamiyya da suka shigo harkar kwamfuta za su so. Notepad++, wata manhajar rubuta kod, ta fi ta a wannan fanni: harsunanta sun fi yawa, har da Larabci, ana sauyawa daga Preferences nan take ba tare da rufewa ba, kuma kowace fassara fayil ɗin XML ɗaya ce. Sai dai Notepad++ ba ta kai ta ba wajen gano kuskure da aiki da Git, manhajar da ke bin sauye-sauyen kod, don haka ba madadinta ba ce ga mai koyon aikin da gaske. Ƙofar Hausa ba a rufe take ba, domin kunshin harshe ekstenshin ne kamar kowane, kowa na iya haɗa shi da lambar ha ya wallafa. Nauyin yana wajen dubban jimloli da za a fassara, da kuma binsu duk lokacin da sabuwar manhaja ta fito. Aiki ne na sashen Hausa da sashen kwamfuta a tare, ba na mutum ɗaya ba.

Kafin a kai can, rubuta Hausa a cikin fayil ba ya buƙatar kunshin komai. Manhajar tana adanawa da UTF-8, don haka ƙ da ɗ da ɓ suna zama lafiya. Idan aka ga ɗan akwati mai ruwan ɗorawa ya kewaye su, yawanci foldar ce aka buɗe cikin yanayin Restricted Mode, inda ake yi wa duk harafin da ba na Ingilishi ba alama don tsaro. A amince da foldar idan an san daga inda ta fito, ko a zuba haruffan a saitin editor.unicodeHighlight.allowedCharacters, akwatunan za su ɓace.