Kafin Ka Biya Kuɗin Karatu Daga Nesa: NOUN, ABU, NTI Ko Kwas Ɗin Intanet?

Wanda yake son komawa karatu alhali yana da aiki, ko shago, ko yara a gabansa, yanzu makarantu sun yi masa yawa. Kowacce da tallarta a Facebook da WhatsApp, kowacce tana cewa daga ɗakinka za ka yi digiri. Abin da tallar ba ta faɗa shi ne takardun da suke bayarwa darajarsu ba ɗaya ba ce, wahalar da ke cikinsu ma kowacce da irin tata. Saboda haka tun kafin a zo maganar kuɗi, mutum ya tambayi kansa: idan na gama, wa zan miƙa wa takardar nan? Idan ma'aikatar gwamnati ce, domin ƙarin girma ko sauya layin aiki, to sai makarantar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da ita, kuma ta amince da wannan kwas ɗin takamaimai. Idan kuwa kamfani ne ko abokin ciniki da zai ce nuna mini abin da ka iya, lissafin daban ne, kuma za mu zo kansa.

A fara da NOUN, wato Jami'ar Karatu Daga Nesa ta Ƙasa, domin ita ce babba kuma ita aka fi tambaya. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Shi Obasanjon daga baya ɗalibinta ya zama, har ya yi digirin digirgir a can. Hedikwatarta tana Jabi a Abuja, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Jami'ar gwamnatin tarayya ce cikakkiya, tana da cibiyoyin karatu a jihohin ƙasar nan, har da cikin wasu gidajen gyaran hali.

Ƙofarta a buɗe take. Ba sai ka zana jarrabawar UTME ba. Kiredit biyar da suka dace da kwas ɗinka, ciki har da Turanci da Lissafi, su ne ginshiƙi. Akwai dai rajistar da ake yi da JAMB domin sunanka ya shiga kundinsu, kada a yi wasa da ita. Kuɗinta kuma gutsi-gutsi ake biya: na rajistar zango, na kowane darasi, na kowace jarrabawa. Wannan yana da daɗi ga mai albashi, domin idan aljihu ya yi sanyi sai ka ɗauki darussa kaɗan, idan ya farfaɗo ka ƙara. Amma shi ya sa kuɗin da aka faɗa maka ranar farko ba shi ne jimla ba. Littattafan darussan suna shafinta na intanet, kowa yana iya sauke su kyauta, kuma ina ba duk mai shawarar shiga shawara ya fara sauke littafi ɗaya na kwas ɗin da yake so, ya zauna da shi mako guda. Idan ya iya karanta shi shi kaɗai ya gane, to ya san abin da zai tarar. Maki talatin cikin ɗari daga jingar da ake kira TMA suke fitowa, saba'in daga jarrabawa. 'Yan aji ɗaya da biyu a kwamfuta suke zana tasu, daga aji uku kuma a koma biro da takarda. Wani abin da ya ƙara mata farin jini shi ne lokacin da ASUU ta yi yajin aikin wata takwas a 2022, karatu bai tsaya a can ba.

Inda mutane suke faɗuwa a irin wannan tsari shi ne babu mai bin ka. Ba malamin da zai lura ba ka zo ba, ba abokin da zai buga maka ƙofa da safe. Sai ka ga mutum ya biya kuɗi a farkon zango, bai sake buɗe littafi ba sai saura kwana goma jarrabawa. Daga nan sai a nufi shagon intanet da ke kusa da cibiya, a ba yaron shago lambar sirri da 'yan kuɗi ya cike jingar. Maki talatin sun samu, amma ranar jarrabawa ga mutum zaune gaban kwamfuta, agogo yana tafiya a saman allo, tambayoyin kamar bai taɓa jin su ba, wani ma riƙe linzamin kwamfutar yake koyo a lokacin. Abin yana da ban tausayi, domin yawanci magidanta ne da suka matse abincin gida suka biya. Wanda ya san ba ya iya karatu sai da mai tsawatarwa, ya nemi abokai biyu ko uku a cibiyarsa tun makon farko su riƙa haɗuwa ranar Asabar, ko kuma ya duba wani tsarin.

Kaso na biyu su ne jami'o'in da muka sani waɗanda suka buɗe sashen karatu daga nesa da izinin NUC. A Arewa akwai na ABU Zariya, da na Jami'ar Maiduguri, da na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, da na Jami'ar Abuja. A Kudu akwai na Ibadan da Legas da Ife. Abin da kake saye a nan sunan jami'ar ne a kan kwalinka, kuma kada mu yaudari kanmu, a wasu ofisoshin har yanzu sunan yana buɗe ƙofa. Na ABU ya yi fice a digiri na biyu na harkar kasuwanci, wato MBA, da difilomar koyarwa ta PGDE, da digirin aikin jinya. Karatunsa ya fi na NOUN jingina da intanet, akwai wa'adin miƙa aiki, akwai tattaunawa da malamai, wato akwai ɗan matsin da yake hana mutum barci. Kuɗinsa ya fi na NOUN nauyi, kwasa-kwasan kuma ba su kai nata yawa ba, domin NUC kwas-kwas take ba da izini. Don jami'a tana koyar da abu a harabarta, ba shi ke nuna an yarda ta koyar da shi daga nesa ba. Digirin jinya kuwa, a ABU ko a NOUN, na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan jinya masu rajista ne. Yarinyar da ta gama sakandare bara ba za ta zama nas ta waya ba, duk wanda ya ce mata haka kuɗinta yake so.

Malamin firamare ko na Islamiyya da ke neman NCE, shi ba sai ya yi nisa ba. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna tun 1976 aikinta ke nan. Ita ce mafi ƙarancin dogaro da intanet a cikinsu duka: littattafai bugaggu, haɗuwa da malamai a ƙarshen mako da lokacin hutun makarantu, a cibiyoyin da galibi makarantun gari ne. Ga wanda yake ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana yin PGDE ga mai digirin da ba na koyarwa ba, wanda yake buƙatarta kafin ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Iyakarta dai harkar koyarwa.

Sai sababbin shiga, jami'o'in karatu daga nesa masu zaman kansu da NUC ta ba lasisi a 2023, irin su Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato. Darussansu na bidiyo ne, manhajarsu a tsare, kuma sun fi karkata ga kwamfuta da kasuwanci. Matashin da ya saba da waya zai ji daɗinsu. Sai dai kuɗin makaranta mai zaman kanta za ka biya, kuma da yake ba su daɗe ba, ba za ka samu tsofaffin ɗalibai da yawa da za ka tambaya yadda takardar ta yi musu a kasuwar aiki ba. Lasisin buɗe jami'a daban, amincewa da kwas daban. A duba shafin NUC a ga duka biyun.

Maganar hidimar ƙasa tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ta fi jawo kuka daga baya. Wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala, dama takardar yafewa ake ba shi. Amma masu karatun wucin gadi da na nesa an daɗe ana ba su takardar da ke nuna an cire su daga tsarin, ba a kiran su sansani. An yi wa dokar NOUN gyara a 2018 da nufin daidaita ɗalibanta da na sauran jami'o'i, kuma tun daga lokacin ake ta kai-kawo a kan batun. Ga ma'aikaci mai shekara 40 wannan ba damuwarsa ba ce. Ga yaro ɗan shekara 18 da iyayensa ke son ya sa kaki ya karɓi alawus, magana ce babba, kuma bai kamata a dogara da abin da mai sayar da fom ya faɗa ba. A je ofishin NYSC na jiha a tambayi matsayin da ake kai a wannan shekarar. Ni a ganina ma, yaro mai wannan shekarun da yake da halin zuwa jami'a ya zauna, gara ya je. Akwai abin da zama cikin mutane yake koya wa matashi wanda allo ba ya koyarwa.

Jami'o'in waje da ke koyarwa ta intanet akwai na ƙwarai. Jami'ar Landan tun 1858 take ba waɗanda ba sa harabarta digiri. University of the People ta Amurka, wadda aka kafa a 2009, ba ta karɓar kuɗin koyarwa, amma ana biyan kuɗin tantancewa a kowane darasi, kuma da dala. Duk wanda ya ga yadda naira ta faɗi daga 2023 ya san abin da hakan ke nufi ga mai shirin shekara huɗu. Sannan kowace takardar waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin ta yi aiki a gwamnati, NYSC kuma tana neman fasfo mai hatimin shiga da fita daga wanda ya ce a waje ya yi karatu. Wanda bai taɓa barin Kano ba, me zai nuna? Irin wannan digiri ya fi dacewa da mai neman aikin kamfanonin waje ko ƙungiyoyi masu zaman kansu.

A nan ne kuma 'yan damfara suka fi kafa tarko. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bankaɗo yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo. Mutanen da suka yi karatun gaskiya a can ma abin ya shafe su. Duk makarantar da ta ce digiri a shekara ɗaya, ko ta ce a tura kuɗi asusun wani mutum, ko adireshinta bai wuce lambar WhatsApp ba, a bar ta. Araha ba ta ado. Jami'o'in tarayya ta tsarin biyan kuɗi na Remita ake biyan su, da rasit mai lamba.

Ga wanda sana'a yake nema, gajerun kwasa-kwasai sun fi masa digiri saurin amfani. Coursera da edX, shafukan intanet na koyar da irin waɗannan kwasa-kwasai, duk a 2012 aka kafa su, ta farko malaman Jami'ar Stanford ne suka assasa, ta biyu kuma Harvard da MIT. Akwai darussan da ake bi kyauta, satifiket ɗin ne na kuɗi, kuma Coursera tana da tallafi ga wanda ya rubuta ya nema. A gida akwai shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin koyar da fasahar zamani kyauta. Waɗannan takardu ba sa ɗaga ma'aikaci daga mataki zuwa mataki. Amfaninsu shi ne ka fito da aikin da za ka nuna: shafin intanet da ka gina, zanen da ka yi wa wani shago, lissafin kayan kanti da ka tsara a Excel. Kusan duk da Turanci ake yin su, wanda Turancinsa bai zauna ba ya fara da gyara shi.

Akwai kuɗin da ba ya cikin takardar kowace makaranta. Data ta ƙara tsada bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kuma darasin bidiyo yana shan ta fiye da littafin da za ka sauke sau ɗaya. Sai wuta: ko ƙaramin sola, ko kuɗin caji kullum a wurin mai caji. Waya tana isa karatu da jinga, amma aikin binciken kammalawa ko koyon rubuta manhaja sai da laftof, ko da ta hannu ce. Sai kuɗin mota zuwa wurin jarrabawa, domin "daga ɗakinka" ba ya haɗawa da ranar jarrabawa a yawancinsu. Jarrabawa tana iya bazuwa cikin makonni, yau takarda ɗaya, jibi ɗaya. Matar aure mai goyo da za ta taso daga wata ƙaramar hukuma zuwa babban birnin jiha, ta zauna da maigida tun kafin sayen fom su ƙirga sau nawa za ta yi tafiyar, wa zai riƙe yara, ina za ta kwana idan takardar ta ƙarfe takwas ce. Mata da yawa da suka bar karatun ba darasin ne ya kayar da su ba, wannan lissafin ne ba a yi ba tun farko.

Idan zaɓinka ya rage biyu, ka je cibiyar kowacce a lokacin jarrabawa, ka tsaya a bakin ƙofa ka sami 'yan aji uku ko huɗu. Ka tambaye su nawa suka kashe a zangon da ya wuce idan an haɗa komai, wata nawa sakamako yake ɗauka kafin ya fito, idan maki ya ɓace wa ake gani, da kuma mutum nawa suka rage cikin waɗanda suka fara tare.