The Man Died na Wole Soyinka: littafin kurkuku mai nauyi, da abin dubawa kafin a saya

Malaman Adabin Turanci a makarantun ƙauyukan Ringim, Gumel da Kazaure sukan nemi littafin da zai nuna wa ɗalibi yaƙin basasa daga cikin gidan yari. The Man Died, labarin zaman kurkukun marubuci Wole Soyinka, ya cancanci kuɗinsa, amma ba na kowa ba ne.

An kama Soyinka a 1967 bayan ya je Inugu ya gana da Ojukwu, jagoran Biyafara, aka tsare shi ba tare da shari'a ba har zuwa Oktoban 1969. Daga kurkukun Kirikiri na Legas aka kai shi kurkukun Kaduna, aka keɓe shi shi kaɗai. An hana shi takarda da alƙalami, sai ya haɗa tawadarsa, yana rubutu a takardar bayan gida da kwalin sigari. Littafin ya fito a Landan a 1972. Sunansa ya samo asali ne daga gajeren saƙon da ya sanar da mutuwar ɗan jarida Segun Sowemimo, wanda sojoji suka lakaɗa wa duka.

Inda littafin ya fi ratsa zuciya shi ne inda marubucin ya juya ga sauran fursunoni: 'yan ƙabilar Ibo da aka tsare babu tuhuma, da waƙar da suke rerawa cikin dare, da waɗanda aka yanke wa hukuncin rataya. A Kaduna yawanci ba ya ganin abokan zamansa, kunne ne ke kawo masa labarinsu ta bayan katanga. Nan mai karatu zai gane abin da kaɗaici ke yi wa hankali, har mutum ya koma nazarin ƙadangaru da lissafi don kada ya zautu. Waɗannan shafuka kaɗai sun isa dalilin saye.

Sai dai Turancinsa tsauri gare shi. Jimla takan yi tsawo, ga sunaye daga tatsuniyoyin Girka. Wani gandiroba ma Polyphemus yake kiransa, wato ƙaton nan mai ido ɗaya. Ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare ba zai iya shi kaɗai ba. Abin da ke aiki shi ne shafi takwas zuwa goma a zama guda, da ƙamus a gefe, malami ya fara ba da tarihin juyin mulkin Janairu da na Yulin 1966. A kuma sani tun farko cewa Soyinka ya caccaki gwamnatin Gowon, ya yi magana da zafi kan kisan 'yan Ibo a Arewa a 1966. Bai kamata a ɓoye wa yara wannan ba, a dai haɗa musu da abin da wasu marubutan suka faɗa, domin shaidar mutum ɗaya ce da ke cikin fushi.

Babbar matsalar tana wajen kwafin da ke zuwa kasuwa, domin bugun jabu ya yi yawa. Shafukan sun kai wajen 300, kuma na jabu gam kawai ake shafa wa ƙashin bayansa. Zafin bazara na busar da gam ɗin, ganyayen su fara zubewa daga tsakiya. Kafin ka biya, buɗe tsakiyar ka ga ko akwai zaren ɗinki. Bi lambobin shafi, domin ana buga littafi ne ƙunshi-ƙunshi, galibi shafi 16, idan ƙunshi ɗaya ya faɗi sai ka ga lamba ta yi tsalle ko ta maimaitu. Goga yatsa a rubutun. In tawada ta biyo, ajiye shi.

Wanda ya riga ya sayi mai gam, ya huda ramuka huɗu a gefen bango da basilla, ya ɗinke da zaren lilo. A ɗakin ƙasa kuwa a sa shi cikin leda a akwatin ƙarfe, a ɗora bisa bulo, saboda gara da laimar damina.