Fim ɗin neman taska: wanne za ka sa a tura maka?

In ka shiga shagon masu tura fim a gefen Wunti ko Yelwa a Bauchi ka ce kana son na neman taska, irin na tsohuwar taswira da shiga kogo, fim sabon fitowa yaron shago zai fara nuna maka. Kada ka biye masa. Ka ce Indiana Jones na farko kake so, Raiders of the Lost Ark na 1981.

Steven Spielberg ne ya ba da umarni, Harrison Ford ne jarumin. Labarin a 1936 yake: malamin jami'a mai tonon kayan tarihi yana rige-rige da sojojin Hitler wajen gano akwatin Bani Isra'ila da aka ajiye allunan Annabi Musa a ciki. Masu sharhi sun yaba ƙwarai. Ya ci kyautar fim ta Oscar guda 5, ya kuma shiga takarar gwarzon fim na shekara, abin da fim ɗin gudu da tsalle bai cika samu ba. Roger Ebert, mai sharhin fim na Amurka, ya ba shi tauraro 4, iyakar ma'auninsa ke nan. Ni dai abin da ya kama ni shi ne wuraren kasada da jiki aka yi su. Wurin da jarumi ya bi ta ƙarƙashin babbar mota tana gudu, mutum ne na gaske ake ja a cikin ƙura, ba aikin kwamfuta ba. Ga wurin kasuwar Alkahira, inda wani ƙato ya yi ta juya takobi yana burga, Ford ya dube shi a gajiye ya zaro bindiga ya gama da shi. Faɗa mai tsawo aka tsara a nan, ciwon ciki ya kama Ford a Tunisiya inda ake ɗauka, aka gajarta. Sai dai ƙarshensa akwai narkewar fuska, a kwantar da yara tukuna.

Sauran fa? National Treasure na 2004, na Nicolas Cage, Ebert tauraro 2 ya ba shi, kuma sai ka damu da tarihin Amurka za ka ji daɗinsa. Uncharted na 2022 ya tara sama da dala miliyan 400, amma daga wasan PlayStation aka ciro shi, kallonsa kamar ka tsaya a bayan yaro yana buga gem. Sahara na 2005 ya bi ta Legas har Mali, bai ma mayar da kuɗinsa ba. The Mummy na 1999 ba laifi.

Yanzu ga inda ake cin mutane. Indiana Jones guda 5 ne, kuma masu tura fim da yawa suna ɗaya suke rubuta musu. Ni an taɓa loda min na 2023, wanda ya fito Ford yana ɗan shekara 80, aka rantse shi ne na farko. Haka The Mummy, akwai na 2017 na Tom Cruise da masu sharhi suka yi wa kaca-kaca, shi ake yawan cusa wa mutane. Shekara za ka tambaya.

Kafin ka biya, a buɗe fim ɗin a kwamfutar shagon, a ja shi tsakiya, a ja ƙarshe. In hoto na karkacewa ko ka ji mutane na tari, da waya aka ɗauka a sinima. In murya ta riga baki, bar shi. Wani ma rabi ne, sai dare ya yi, an taru, ya tsaya cak.

Fassarar Hausa kuma a saurara tukuna. Akwai masu aiki tsakani da Allah, akwai wanda bai fahimci labarin ba sai ya cike gurbi da barkwanci, ya danne kiɗan fim ɗin da John Williams ya tsara da surutu.

Memori kuwa da naka za ka je. Na bogi sun cika gari: a jiki an rubuta 64GB, kwamfuta ma ta nuna haka, amma da ya wuce ɗan abin da yake iya ɗauka sai fina-finan su ƙi buɗewa. In dole ka saya a wurin, a cika shi a gabanka, a buɗe na farko da na ƙarshe, sannan ka ciro kuɗi.