Na gwada Brothers: A Tale of Two Sons da ƙannena biyu, ga abin da na gani

Kai tsaye zan faɗa, wannan gem ɗin ya cancanci kuɗinsa, kuma in kana da matashi a gida wanda kullum yatsunsa na kan Free Fire ko ƙwallon eFootball to ka nema masa shi ko da sau ɗaya ya buga. Amma akwai sharaɗi, zan zo kansa a ƙasa.

Gem ɗin ya fito ne a 2013, wani kamfani a ƙasar Suwidin mai suna Starbreeze ya yi shi, wanda ya tsara shi kuma Josef Fares ne, haifaffen Labanon da ya girma a Suwidin. Yanzu akwai shi a waya da kwamfuta da PlayStation, ba kyauta ba ne saya ake yi, amma idan ka sauke shi shikenan ba ya cin data wajen bugawa, wanda wannan kaɗai babban abu ne a wajenmu. Gajere ne kuma, awa 3 zuwa 4 ka gama.

Labarin mai sauƙi ne, yara biyu wa da ƙane, mahaifiyarsu ta nutse a ruwa ta rasu a gaban idon ƙaramin, yanzu kuma babansu ya kwanta rashin lafiya, dole su yi tafiya mai nisa su ɗebo masa ruwan magani daga wata bishiya. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne kai kaɗai kake juya yaran biyu a lokaci guda, babban yatsan hagu na tafiyar da wan, na dama na tafiyar da ƙanen. Wallahi da farko kai zai ɗaure maka, ka tura wannan gabas wancan ya yi yamma, ƙanena mai shekara 15 da yake ji da kansa a gem sai da ya yi tsaki ya aje wayar, can kuma ya dawo ya ɗauka. Akwai inda ɗaya zai riƙe igiya ɗayan ya yi lilo ya kama dutse, in hankalinka ya bar yatsa ɗaya na ƙiftawar ido sun faɗo, babu damar ka leƙa WhatsApp ka dawo. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya na ga ya nutsu tsit har numfashinsa ya canza.

To amma ni abin da ya fi kama ni shi ne maganar da suke yi a ciki. Yare ne na ƙirƙira, an ɗan jingina shi da Larabcin Labanon, kuma babu fassara ko layi ɗaya a ƙasan sikirin. Kenan dole yaro ya karanci murya da motsin jiki kafin ya gane me ke faruwa. Da aka iso bakin kogi ƙaramin ya toge ya ƙi shiga, sai da ya maƙale a bayan wansa suka haye, ƙanwata mai shekara 13 ce ta fara cewa "Yaya, tsoro yake ji fa, saboda abin da ya sami mamarsu ne", babu wanda ya gaya mata, ita ta haɗa da kanta. Kuma in ka sa su yi hulɗa da mutanen ƙauye za ka ga halinsu daban, wan yana tambayar hanya cikin natsuwa shi kuwa ƙanen sai tsokana da wasa, daga nan yaran suka fara musu kan wanda ya fi hankali da kuma dalilin da ya sa ƙaramin yake haka. Irin hirar da ban taɓa jin sun yi a kan gem ba kenan.

Wannan dabara ta cire yare a bar yaro da fuska, masana ma sun gwada ta. A Jami'ar Wisconsin-Madison da ke Amurka, cibiyar da Richard Davidson ke jagoranta ta yi aiki da wani gem mai suna Crystals of Kaydor, inda mutum-mutumi ya faɗo wata duniya, halittun wajen ba a jin yarensu amma fuskarsu irin ta mutane ce, sai ka gane fushi ne ko tsoro ko baƙin ciki da kuma ƙarfinsa kafin su taimake ka. Yara ƴan ƙaramar sakandare aka raba gida biyu, wasu suka buga shi wasu suka buga wani gem ɗin daban mai suna Bastion, na tsawon sati biyu, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu kafin da bayan nan. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna cewa waɗanda suka buga Crystals of Kaydor sun sami ƙarin haɗi tsakanin sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da tausayi da kuma sa kai a matsayin wani, sai dai ba duka yaran ne suka inganta a gwajin gane yanayin mutum ba, kuma su kansu masanan sun faɗi hakan ƙarara. Ta ɓangaren maida hankali kuma tun 2003 Shawn Green da Daphne Bavelier suka nuna cewa gem na harbe-harbe masu sauri suna ƙara wa ido kaifi wajen lura da abubuwa da yawa lokaci guda, har a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani gem, EndeavorRx, a matsayin magani ga yara ƴan shekara 8 zuwa 12 masu matsalar rashin maida hankali.

Kar wani ya ɗauka cewa nake Brothers magani ne, a'a, waɗancan binciken ba a kansa aka yi ba, kuma lura da abu a sikirin daban, sauraron malami a aji daban. Abin da na yarda da shi dai shi ne gaban ƙwaƙwalwa, inda kame kai da tsara tunani suke, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, don haka abin da matashi yake maimaitawa kullum yana barin sawu a kansa, mai kyau ko akasin haka. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta saka jarabar gem cikin jerin cututtuka, ba wasa ba ne. Alherin Brothers shi ne yana da ƙarshe, ba irin wanda zai riƙe yaro har asuba yana neman ƙarin maki ba.

Yanzu sharaɗin. Iyaye don Allah ku zauna da su, kar ku miƙa waya ku tashi. Duk da kalarsa kamar katun akwai wurare masu nauyi, akwai mutumin da gobara ta cinye iyalinsa yana ƙoƙarin rataye kansa sai yaran su cece shi, akwai filin yaƙi cike da gawawwakin ƙatti jini na gudu, akwai kuma wurin da wasu mutane ke shirin yin tsafi da wata yarinya. Ni a wajen mutumin nan na tsayar da gem ɗin muka yi magana kan jarabawa da haƙuri da kuma yadda ake zama kusa da wanda ke cikin ƙunci, ƙanena da ba ya son doguwar magana shi ne ya fi kowa tambaya. Ban ba da shawarar a ba yaro ɗan ƙasa da 12 ba gaskiya.

Ƙarshensa ba zan ɓata muku ba, kawai ku lura da abin da yatsanku na hagu zai yi a mintunan ƙarshe, ƙanwata kuka ta yi sosai, ni ma sai da idona ya ciko.

In kuna da kontirola ku haɗa, ya fi daɗin sarrafawa a kan gilashin waya musamman in wayar ƙarama ce, kuma ku sa abin kunne saboda muryoyin ne rabin labarin. A 2024 an sake fitar da sabon salo na kwamfuta da na'urorin gem wanda mutum biyu za su iya bugawa tare, amma ni dai na fi son a fara da mutum ɗaya yana riƙe da yaran biyu. Na ba shi 9 cikin 10, makin da na rage na gajartarsa ne, don da mun so ya fi haka tsawo.